Wanda Ya Sayar da Rabin Filin Dorcas

Wata Asabar cikin watan Yuni na 1987, Dorcas ta fito da sassafe daga ɗakin da take haya a Narayi, fartanya a kafaɗa, za ta je ta yi wa masararta noma a filin da mijinta Shekari ya mutu ya bar mata. Ta isa ta tarar an sassare rabin masarar an watsar. Tifa ta juye yashi a wurin, ga bulo an jera, ga wani mutum da farar riga yana nuna wa magini inda zai ja igiya.

"Kai wane ne? Uban wa ya ba ka filina?"

Mutumin ya juyo. Sunansa Malam Isiyaku, tela ne daga Unguwar Mu'azu. Ya ce, "Baiwar Allah, rabin nan nawa ne. Saye na yi, takardata tana aljihu."

Ihun da Dorcas ta kurma ya fito da unguwa kaf. Wata uku ke nan da tashin hankalin da ya taso daga Kafanchan ya ratsa Kaduna, har yanzu kowa a tsorace yake, kowa kuma a fusace. Nan da nan aka kewaye Isiyaku. Magini ya yar da igiya ya ranta a na kare. Wata mata ta sunkuya ta ɗauki rabin bulo. Muryar da ta fi ta kowa tashi ita ce ta Mista Alexander, sakataren ƙungiyar maza ta cocin su Dorcas, wanda ya iso da riga a soke cikin wando kamar mai shirin ofis.

"Gwauruwa fa, da marayu uku!" yake cewa. "Yau filinta, gobe naku! Za ku tsaya kuna kallo?"

Da Mai Unguwa bai iso a guje ba, da ranar an kwashi gawa. Tsohon ya shiga tsakiya ya tsaya gaban Isiyaku yana haki. "Duk wanda ya taɓa mutumin nan ni ya taɓa. A kira min Tagwai."

Baba Tagwai ɗan maharbi ne daga gindin duwatsun Kagoro, a wurin ubansa ya koyi bin sawu. Da ya zo birni sai ya yi shekara ashirin da biyu yana jan sarƙar awo ga ma'aikatan safiyo, masu auna filaye, har gwiwa ta ce ya isa. Tun da ya yi ritaya, in akuya ta ɓace ko maƙwabta suka yi faɗa a kan iyaka, shi ake nema. Ba ya da haƙuri da surutu, unguwa kuma ta sani.

Ya zo ya dubi ƙasa, ya dubi ƙafafun jama'a, ransa ya ɓaci.

"Kun kyauta. Kun zo kun tattake min duk abin da zan gani. Ku ja baya! Kai ma, Mista, ja baya, ba wa'azi aka kira ka ba."

Ya zaga filin sau biyu. Filin yana da turakun siminti guda huɗu, waɗanda mai safiyo ya kafa wa Shekari kafin rasuwarsa. Biyu na gabas suna zaune daram, ciyawa ta rufe gindinsu. Biyu na yamma kuwa Tagwai ya durƙusa a gabansu ya daɗe. An karkace su, an liƙa musu sabon siminti a gindi, aikin wanda bai taɓa riƙe cokalin gini ba. Ya miƙe ya taka zuwa yamma yana ƙirga taku, har bayan tulin yashin Isiyaku, ya soka sandarsa a ƙasa. Sanda ta shige ba gardama. Ya karɓi fartanyar Dorcas ya haƙa kamu biyu, ya fito da gawayi da fasassun kwalabe.

"Mai safiyo na gaskiya yakan binne waɗannan ƙarƙashin turke," ya ce wa Mai Unguwa. "Nan ne asalin iyaka. An tumɓuke turakun an matso da su ciki, an raba filin biyu daidai wa daida. Wanda ya yi ba da ido ya auna ba, da taswirar filin a hannunsa."

Akwai wani abu kuma da bai faɗa ba. A jikin sabon simintin, wanda ya yi aikin ya danna da ƙafa don ya zauna, dunduniyar takalminsa ta fito sarai, da shaidar ƙarfe irin wanda masu gyaran takalmi suke bugawa. Sai dai rabin mazan Kaduna masu takalmi sau-ciki suna da irin wannan ƙarfen.

A zauren Mai Unguwa Isiyaku ya zauna gaban Tagwai.

"Shekara goma sha shida ina haya, Baba. Ɗaki biyu, mu tara. Kekunan ɗinkina biyu na sayar na haɗa na sayi wurin nan. Yau ni ake ce wa ɓarawo, a gaban mata da yara."

"Wa ya sayar maka?" in ji Tagwai.

"Bello dillali, na bakin kasuwar Kakuri."

"Yana ina?"

Isiyaku ya ce, "Sati uku ke nan ban gan shi ba. An ce ya tafi ganin gida."

"Ka je ofishin filaye ka bincika kafin ka biya?"

"Ya nuna min takarda, ya nuna min turaku. Me kuma zan nema?"

Tagwai ya yi tsaki ya miƙa hannu. Takardar an buga ta da tafireta, tana cewa Shekari ya sayar wa Bello rabin filinsa a watan Nuwamba na 1984, wata biyu kafin ya rasu. A ƙasa akwai dangwalen yatsa da shuɗiyar tawada, an buga a ƙarƙashinsa cewa babban yatsan dama na mai sayarwa ne. Sunan shaida guda ɗaya ne: Nicholas, ƙanin Shekari.

Da Dorcas ta ji sunan, sai da mata biyu suka riƙe ta.

"Na sani! Wallahi na sani! Tun ba a share makoki ba ya zo ya ce min mace ba ta gadon ƙasa a gidansu. Na ce masa nan Kaduna ne, ba ƙauye ba, da gumina a cikin filin nan, kosai na soya shekara shida. Ashe zagayawa ya yi ta baya!"

"Maman Irene, zauna," in ji Tagwai, yana kiran Dorcas da sunan 'yarta. "Ina takardunki? Ta sayen farko da taswirar safiyo?"

"Suna wurin Mista Alexander. Shi yake bi min satifiket ɗin mallakar filin. Da ba don shi ba, ni ina na san hanyar ofisoshin nan?"

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu. Ya ce fayil ɗin ya kai teburin Gwamna, sa hannu kawai ya rage."

Alexander, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya gyaɗa kai. "Haka ne, Baba. Ka san aikin gwamnati. Ni shawarata, a kama Nicholas yau, kafin ya gudu kamar abokinsa."

Nicholas bai gudu ba. Tagwai ya same shi da azahar a Makera, a rumfar walda, yana haɗa ƙyauren ƙarfe. Tsohon soja ne, ƙato, a ƙafarsa akwai but mai ƙarfe a dunduniya. Tagwai ya dubi but ɗin da kyau kafin ya yi sallama. Dunduniyar ta yi faɗi, ta kusa ninka wadda ke jikin siminti.

Da ya ji abin da ya kawo tsohon, Nicholas ya jefar da guduma har ta daki bango.

"Ni? Eh, na yi faɗa da matar yayana, ban musa ba. A gaban dangi na faɗi magana, a gaban dangi aka ce ban da gaskiya, na haƙura. Amma in sayar da filin 'ya'yan Shekari ga baƙo? Kawo takardar in gani!"

Ya karɓa ya duba. "Wannan ba sa hannuna ba ne. A Nuwamban nan ma ina Legas." Ya gangara da ido ƙasa, sai ya tsaya. Ya fashe da wata irin dariya mara daɗi. "Baba, wane ɗan iska ne ya rubuta wannan? Babban yatsan dama? Yayana ba shi da babban yatsa a hannun dama. Inji ya cinye shi a masaƙa tun 1978. Ni na kai shi asibiti, jininsa har cikin aljihuna."

Tagwai ya karɓi takardar a hankali. Shi kansa ya san Shekari sama-sama, ya tuna mutum ne da yake miƙa hannun hagu in za a gaisa, har wasu suna ce masa mara ladabi. Ya fita rana ya kara takardar kusa da ido. Dangwalen ya fito tsaf, kuma a tsakiyarsa akwai wani siririn layi fari da ya ratsa daga sama zuwa ƙasa a karkace, inda tawada ba ta kama ba. Tabon yanka ne, tsoho.

"Kada ka gaya wa kowa abin da ka gaya min," ya ce. "Ko matarka. Ka zo gidan Mai Unguwa ranar Talata da la'asar."

Ranar Litinin ya sa tsohuwar rigarsa ta kaki ya hau bas ya haye gada zuwa ofishin filaye. A can akwai wata ma'aikaciya, Malama Hauwa, da ta san shi tun yana jan sarƙa. Ta buɗe rajista ta bi da yatsa shafi bayan shafi, shekara uku baya.

"Baba, babu. Babu Shekari, babu Dorcas, babu wanda ya taɓa shigar da neman satifiket a kan filin nan."

"An ce yana teburin Gwamna."

"Abin da bai shigo ta ƙofar nan ba ta ina zai kai can?" Ta rufe littafin da ƙarfi. "Kullum sai mun ga irinsu. Mutum ya riƙe takardar Mai Unguwa ya ɗauka ya gama. Ita shaida ce kawai cewa an yi ciniki. Tun dokar 1978 ƙasar gari tana hannun Gwamna, in ba ka shigar da naka an rubuta ba, kowane maƙaryaci zai iya buga tasa takardar ya ce shi ma ya saya. Ka ce wa matar ta zo da ƙafarta, kada ta sake aiko kowa."

Tagwai ya fito yana tafasa. Duk hanyar komawa bai ga titi ba, fuskar marayun nan uku yake gani, da rabin bulon da ke hannun matar nan ranar Asabar.

Talata da la'asar ƙofar gidan Mai Unguwa ta cika. An shimfiɗa tabarmi, an fito da benci biyu. Dorcas tana gefe da matan coci, ba ta ko kallon inda Nicholas yake. Isiyaku ya zo da limamin unguwarsu da wani ƙaninsa. Alexander ya zauna a kan benci, jaka a cinya. Wani kofur ɗin ɗan sanda da Mai Unguwa ya gayyato yana jingine da bishiyar mangwaro.

Tagwai ya tsaya a tsakiya. Bai yi doguwar gaisuwa ba.

"Ranar Asabar kun so ku kashe mutumin nan. Ba shi ya matsar da turaku ba. Da shi ne, da ba zai zo da rana tsaka da tifa ba. Sakaci ya yi, ya sayi ƙasa bai bincika ba, kuma zai ɗanɗana kuɗarsa. Amma ba ɓarawo ba ne."

Aka yi gunaguni. Wani ya ce, "To Nicholas ne!"

"Maman Irene," in ji Tagwai, "da wane hannu mijinki yake cin tuwo?"

Dorcas ta ɗago a fusace. "Wace irin tambaya ce wannan? Da hagu mana. Kowa ya san inji ya..." Sai ta tsaya, bakinta a buɗe.

"Inji ya cire masa babban yatsan dama. Takardar nan kuwa ta ce da shi ya dangwala." Tagwai ya ɗaga ta sama. "Nicholas ya san hannun yayansa. Mai Unguwa ya sani. Duk wanda ya taɓa gaisawa da Shekari ya sani. Wanda ya ƙirƙiri takardar nan yana da taswirar filin, ya san sunan ƙanin mamaci, ya san sun yi faɗa da matar. Abu ɗaya ne bai sani ba, don bai taɓa ganin Shekari da rai ba. Mista Alexander, wace shekara ka fara zama a Narayi?"

Alexander ya gyara zama. "Ban gane ba."

"Za ka gane. Wace shekara?"

"Lokacin bikin Ista na 1985," wata tsohuwa ta amsa daga cikin matan coci. "Mun riga mun binne Shekari."

"Wannan cin mutunci ne!" Alexander ya miƙe. "Ni da nake wahala a kan fayil ɗin matar nan, ina hawa bene ina sauka, ko kuɗin mota ban taɓa..."

"Jiya na je ofishin. Babu fayil. Ba a taɓa buɗe shi ba."

Tagwai ya zaro ƙaramin akwatin tawadar hatimi da ya aro wurin Mai Unguwa, da farar takarda, ya ajiye a kan benci. Ya fara dangwala nasa yatsan. Nicholas ya taso ya danna nasa kamar zai fasa bencin. Isiyaku ya yi bisimilla ya sa nasa.

"Saura kai."

"Ba zan yi ba. Kai wane ne? Alƙali ne kai? Ɗan dako ne fa kawai na masu safiyo!"

"Ɗan dako ne," in ji Tagwai. "Miƙo hannun."

Alexander ya soke hannun dama a aljihu ya juya zai ratsa mutane. Kofur ya taso daga jikin mangwaro ba tare da gaggawa ba, ya riƙe masa wuyan hannu, ya fito da shi, ya danna yatsan a tawada sannan a takarda. Tagwai ya jera takardun biyu a gaban Mai Unguwa da liman da tsohuwar coci. Ba a buƙaci gilashi ba. Farin layin nan ne, a karkace, daga sama zuwa ƙasa. Da aka buɗe jakarsa, takardar sayen Shekari ta asali da taswirar safiyo suna ciki, an ja layi da fensir ta tsakiyar filin.

Dorcas ta taso. Mata suka yunƙura za su riƙe ta, ta ce su sake ta. Ta zo gabansa ta tsaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"A ɗakina ka zauna ka yi wa 'ya'yana addu'a. Na dafa maka abinci ranar da ba mu da na dare. Shekara biyu ina ce wa Irene ta yi haƙuri da ɗigar ruwa a ɗakin haya, satifiket na zuwa, za mu yi gini. Kai ka sa na tsine wa ƙanin mijina. Sannan ka tsaya a filina kana zuga mutane su kashe bawan Allahn da ka cuta, don in ya mutu babu mai tambayar wa ya sayar masa."

"Maman Irene, Bello ne ya ja ni, shaiɗan ne..."

"Kada ka sake kiran sunan 'yata."

Samarin da suka kewaye Isiyaku ranar Asabar su ne suka fara matsowa, wani har ya tuɓe bel. Tagwai ya daka musu tsawa, sandarsa a sama.

"Ku ba ku gaji ba? Kwana uku da suka wuce da hannun nan kuka so ku kashe mara laifi! Ku koma gidajenku. Kofur, tafi da shi."

Washegari dattawan coci biyu suka je wurin Dorcas, suka roƙe ta a sasanta a cikin gida, kada sunan coci ya shiga kotu. Ta saurare su har suka gama, ta ce ita ce za ta fara ba da shaida, in suna so su zo su zauna a bayanta. Ɗaya daga cikinsu ya je. Alƙali ya ɗaure Alexander shekara biyu. Bello dillali ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Nicholas ya raka Dorcas ofishin filaye sau bakwai, ba sa magana sosai a hanya, amma shi yake riƙe mata layi. Satifiket ya fito bayan wata goma sha huɗu, da sunanta a kai.

Isiyaku kuwa bai samu ko sisi ba. Ya koma ɗakunansa biyu a Unguwar Mu'azu, yana ɗinki da keken aro. Duk sanda Tagwai ya tuna da shi sai abinci ya fita ransa, don shi ne ya tabbatar da gaskiya, kuma gaskiyar ce ta bar mutumin da hannu wofi.

Bayan shekara biyu, wata safiya, aka yi sallama a ƙofar Tagwai. Isiyaku ne, ya rame, furfura ta fito masa a gemu, da takarda a ninke a hannu.

"Baba, an nuna min wani ɗan wuri a Mahuta. Ban ba da ko kwabo ba. Na ce sai ka je ka taka min shi tukuna."

Tagwai ya karɓi takardar, ya dube ta gaba da baya, ya mayar masa. Ya shiga ɗaki ya fito da hula da sanda.

"Mahuta sai gobe. Yau ofishin filaye za mu, a buɗe mana rajista mu gani da idonmu. In sunan mai sayarwa ba ya ciki, ko ruwan gidansa ba za ka sha ba. Muje, kafin layi ya yi tsawo."